An karɓe ta da sunan riƙo, aka tsince ta a aikatau bayan wata 14

Maman Khairat: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, yau maganata da tsawo, tun daren jiya nake rubutawa ina gogewa.

'Yar ƙanwar mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa a ƙauyenmu shekara uku da suka wuce, ta bar yarinya mace da ta haifa tun kafin nan. Uban ya tafi kudu neman kuɗi, kakar ce ke riƙe da ita, tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai. Bara wata mata 'yar garinmu da ke aure a nan Kano ta je biki, ta ga yarinyar, ta ce a ba ta riƙo, za ta sa ta a boko da Islamiyya. Ba danginmu ba ce, amma mun san gidansu, mun san ubanta. Kaka ta yi ta sa mata albarka, ta ƙulle wa yarinyar kayanta a leda, kala biyu da hijabi ɗaya. Lokacin shekararta 9.

Tun daga nan duk wanda ya tambaya sai a ce tana makaranta, ko an aike ta, ko ta yi barci. Ni ma sau biyu na kira, sau biyun na yarda. Sai satin da ya wuce wani direba ɗan garinmu da ke jigilar Abuja ya gan ta a wata unguwa can, da jarka a ka ta fito ɗiban ruwa. Kamarta da marigayiya ce ta sa ya tsaya. Ashe ko sati biyu ba ta yi a Kano ba aka miƙa ta ga dillaliya, dillaliya ta kai ta aikatau. Gida uku ta zaga cikin wata 14. Duk wata ana turo N15,000, dillaliya ta cire nata, matar nan ta karɓe sauran. Kaka ko sabulu ba ta gani ba.

Yanzu tana wurina. Daren farko na shimfiɗa mata katifa kusa da Khairat, da asuba na tarar da ita a kicin, ta dunƙule a bayan ƙofa a kan siminti. Na ce me ya kawo ki nan, ta ce ai nan ne wurin kwana. Idan aka zuba abinci ba ta sa hannu sai kowa ya tashi. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunta na dama, ta ce dutsen guga ne, daga nan ba ta ƙara ko kalma ba.

Dangi sun ce a rufa, maganar gida ce, a bar wa Allah. Zuciyata ta ƙi. Don Allah masu sani, akwai dokar da ta yi magana a kan irin wannan? Ko tunda da hannunmu muka bayar shi ke nan?

Ummu Hanif: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na kasa ƙarasa karantawa sai da na ajiye wayar. Allah ya saka miki da Aljanna, Maman Khairat. Allah ya ji ƙan uwarta.

Barista: Wa alaikumus salam Maman Khairat. Sannu da ƙoƙari. Doka akwai, har fiye da ɗaya.

Wadda ta fi kusa da maganarki ita ce dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita. Tun 2003 aka kafa hukumar, a 2015 aka sake wa dokar fasali. Sashe na 23 ya ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya nemo shi, ko ya yi jigilarsa, ko ya ajiye shi don haka, ɗaurinsa daga wata 6 ne zuwa shekara 3. Idan kuwa aikin mai cutar da jikin yaron ne ko hankalinsa, daga shekara 2 zuwa 7, babu zaɓin tara. Kin ga ke nan ta kama wadda ta karɓo ta, ta kama dillaliya, ta kama masu gidajen. Dokar tarayya ce, tana aiki a ko'ina. Kuma faɗin "ai kakarta ce ta ba ni" ba ya wanke kowa, balle ma yaudarar tsohuwar aka yi.

Ta biyu ita ce Dokar 'Yancin Yara ta 2003, ta zamanin Obasanjo. Ita har babi guda ta ware wa riƙo. Kotu ce ke ba da izini. Mariƙi sai ya kai shekara 25, kuma ya girmi yaron da shekara 21. Ba a ba mutum ɗaya yara fiye da uku sai da dalili na musamman. Ana rubuta sunan yaron a rajista, jami'an kula da yara su riƙa kai ziyara, an hana karɓar kuɗi a kan ba da riƙo, an hana fita da yaron ƙasar waje ba da iznin kotu ba. Sashe na 28 kuma ya hana sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Tunda a Abuja aka sa ta aikin, wannan dokar ta hau kansu kai tsaye.

Abin da ya kawo jinkiri a wajenmu shi ne lamarin yara hurumin jihohi ne, sai kowace majalisa ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Katsina a 2020, Kano sai a watan Mayun 2023, ana saura kwanaki Ganduje ya sauka.

Baban Sadik: Allah ya isar wa yarinyar nan. Amma ina roƙon zauren nan kada zafin wannan labari ya sa mu yi wa riƙo kuɗin goro. Ni ɗan riƙo ne. Ina da shekara 6 mahaifina ya rasu, Baffana ya ɗauke ni zuwa Zariya. Sai da na kai aji huɗu a firamare wani yaro ya yi mini gori, sannan na san ba shi ya haife ni ba. Kwano ɗaya da 'ya'yansa, ɗinkin Sallah iri ɗaya, bulala iri ɗaya. Shekarar da zan yi jarrabawar gama sakandare kekensa ya sayar ya biya mini. Babu kotu, babu rajista, babu jami'i.

Mu duba gidajenmu. Ɗan fari da ake kai wa kaka bayan yaye, yarinyar da ake ba wa goggon da Allah bai ba haihuwa ba, 'yar zaman ɗaki da ke bin amarya, agolan da mijin uwa ya riƙe kamar nasa. Wannan shi ne gidan marayunmu tun kaka da kakanni. Ranar da aka ce sai da takardar kotu, wallahi mutane za su janye hannu, marayun ne za su kwana a ciki.

Barista: Baban Sadik, Allah ya ji ƙan Baffa, ya sa kekensa a mizani. Irin riƙonka dokar 2003 ma ba ta taɓa shi ba. Inda ta yi maganar riƙon da aka shirya tsakanin mutane ba ta kotu ba, ta ware iyaye da dangi na kusa. Wanda take nufi shi ne bare da ya ajiye yaro kwana 28 ko fiye, shi ne hukuma ke da alhakin sa wa ido. To amma wa ya taɓa zuwa ya sanar? A shekarun da na yi ina aiki ban ga mutum ɗaya da ya je don kansa ba. Dillaliya ta san haka sarai. Shi ya sa ba ta zuwa ƙauye ta ce a ba ta 'yar aiki, sai ta turo 'yar gari ta ce riƙo. Sunan Baffanka mai kyau take ara ta rufe sana'arta da shi.

Hajiyar Tarauni: Ni dai bari in faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Mu nawa ne a zauren nan ba mu da 'yar aiki? Ni ina da ita, kuma ban sato ta ba. Uwarta ce ta zo har gida da kuka, ta ce in taimaka in ɗauke ta, a gida ko sau biyu ba sa ɗora tukunya. Kuɗinta ba na ba kowa, tarawa nake yi, wadda ta gabace ta da kuɗin na yi mata gado da katifa da kwanuka, na raka ta har ɗakinta. A ƙauyen me za ta samu? Talla a bakin titi. Masu zama a ofis su rubuta doka ba su san yunwa ba.

Ummu Hanif: Hajiya, shekararta nawa? Kuma tana zuwa makaranta?

Hajiyar Tarauni: Za ta kai 13. Tana zuwa Islamiyyar yamma idan an gama aiki.

Ummu Hanif: Hajiya, ba don in ɓata miki ba, na san ke mai alheri ce. Amma 'yarki ta cikinki mai shekara 13, da safe ina take? Ita wannan ce ke goge mata takalmi ta ɗaura mata abinci a jaka, ta tsaya a bakin ƙofa motar makaranta ta tashi. Kayan ɗaki za su tsufa cikin shekara biyar. Idan auren ya mutu, da me za ta fito?

Barista: Ƙarin bayani kaɗan, Hajiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu, firamare da ƙaramar sakandare, kuma ta ɗora nauyin a kan iyaye da duk wanda yaro ke hannunsa. Matuƙar a gidanki take kwana, ke ce.

Malam na Zaure: Bismillah. Kafin a raba mu gida biyu, masu doka da masu al'ada, mu duba abin da muke da shi tun asali.

Riƙon maraya addini ya kwaɗaitar da shi. Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu, manuniya da na tsakiya, ya ce shi da mai riƙon maraya haka suke a Aljanna. Abin da aka hana shi ne canza wa yaro nasaba. Zaidu ɗan Harisa a gidan Annabi ya tashi har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai aya ta sauka a Suratul Ahzab cewa a kira su da sunan ubanninsu. Ma'ana ɗan riƙo dole a san ɗan wane ne, daga ina ya fito. Ba ya cin gado, amma mariƙi na iya yi masa wasiyya cikin sulusin dukiya, ko kyauta tun yana raye.

Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya reno yana da jeri. Uwa, in babu ita kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, a bi da bi. Da sharuɗɗa kuma, har da amana da iya ɗaukar nauyin. Ba kowa ne zai zo biki ya ga yarinya ya ce a ba shi ba. Kakar nan da idonta ya yi rauni, kamata ya yi dangi su zauna su duba wa ke biye da ita. An tsallake wannan, kuma laifinmu ne mu maza da muke barin irin wannan shawara a tsakar gida, sai ta ɓaci a kira mu.

Game da matar nan kuwa, hadisi ƙudusi ya zo a kan mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Biyu daga ciki: wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗin, da wanda ya sa ma'aikaci aiki bai biya shi ladansa ba. Masu cewa a bar wa Allah, su sani haƙƙin yarinyar ne, babu wanda ya isa ya yafe a madadinta don gudun ɓacin zumunci.

Abu Fatima: Malam ya gama magana. Tunda muna da wannan me za mu yi da dokar Turawa? Wannan dokar 'yancin yaran fa ita ce aka shekara 20 ana ja da ita a Arewa, kuma malamanmu ba mahaukata ba ne. Yau rajistar riƙo, gobe a ce ba ka isa ka tsawata wa ɗanka ba.

Barista: Abu Fatima, jayayyar da aka yi mafi yawanta a kan shekarun aure ne da mayar da ɗan wani naka, shi ya sa jihohin suka zauna da malamai suka tsara nasu. Ban taɓa jin malamin da ya ce a bar sashen hana sayar da yara ba. Kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, a sashe na 20 ta ambaci kafala, wato riƙo irin na shari'ar Musulunci, da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye. Maroko ƙasar Malikiyya ce irinmu, tun 2002 suke da dokar kafala. Alƙali ne ke bayarwa, shi ke bibiya, kuma ba a fita da yaron zama wata ƙasa sai da izninsa.

Malam na Zaure: In ƙara da wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani tana ƙarshen Baƙara, kuma a kan rubuta bashi take, ƙarami ne ko babba, da kafa shaidu. Bashin mudu biyu an ce a rubuta. Ban ga ta inda rubuta amanar rai zai zama baƙon abu a wurinmu ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar mun sha wannan ruwa. Kun tuna watan Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 cikin sahara bayan Arlit, kusa da iyakar Aljeriya? Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 yara ne, 33 mata. Da yawansu mutanen Kance ne, nan jiharmu. Yawon bara ake kai yaran. Kuma abin da kowa ya sani a nan, ba duka ne 'ya'yan matan da ke tafiya da su ba. Mace za ta je wajen maƙwabciya ko 'yar'uwa ta ce ba ni yaronki in tafi da shi, in na dawo in kawo miki rabonki. A shingen jandarma ta ce nawa ne. Wa zai musa, tunda yaron ba shi da takardar haihuwa? A 2022 ma sai da gwamnati ta aika jirgi Dakar aka kwaso mabarata ɗaruruwa, yara sun fi yawa.

Muna da doka tun Disamban 2010, muna da hukumar yaƙi da fataucin mutane. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ita ce yaron da ba a rubuta shi ko'ina ba.

Ummu Hanif: Kun tuna mini da yaran Kano tara da aka gano a Onica a Oktoban 2019, waɗanda aka sace a su Sauna da Kawo da Yankaba da Dakata, aka canza musu suna. Garin nan ya girgiza, aka yi ta magana a rediyo da masallatai, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, a 2021 kotu ta ɗaure Paul Owne shekara 104. Kuma daidai ne, ya cancanta. Amma ina tambayar kaina, da a ce wadda ta kai 'yar Maman Khairat Abuja baƙuwa ce mai wani yare, da yanzu akwai mai cewa a rufa? Don ta iya gaisuwa, ta san sunan kakanninmu, shi ke nan sai ya zama maganar gida.

Baban Sadik: Wannan kam ba ni da amsarta. Gaskiya ce.

'Yar Riƙo: Na roƙi mai kula da zaure ya sa mini wannan ba da sunana ba.

Ni a gidan ƙanwar babana na tashi, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Babu dillaliya, babu kuɗi, ba a kai ni ko'ina ba. Shekara 11 na yi. Ni ke tashi kafin kiran sallah in hura wuta, ni ke kwanciya bayan kowa. Littattafan 'ya'yanta nake buɗewa in na je share ɗaki, a haka na koyi haɗa baƙi. Babana yana zuwa duk Sallah, a sa mini kaya masu kyau in kawo masa ruwa, ya ce "kina jin maganar Goggonki ko?" in ce e. A gabanta yake tambaya. Sau ɗaya tak da ya ja ni zaure mu biyu ya ce yaya kike, da na faɗa masa komai. Har ya rasu bai sani ba.

Don haka Barista, dokar da ta ware dangi ta ware irina. Yanzu ina da 'ya'ya huɗu, ban riƙe Goggo a zuciya ba, ta tsufa, ni ke aika mata cefane. Amma duk mai ɗa a hannun wani, don Allah ka je ba tare da sanarwa ba, kuma ka keɓe da shi.

Barista: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki. Bari in gyara fahimta ɗaya. Dangi an ɗauke musu sanarwa ne kawai, ba a ba su lasisin zalunci ba. Hana karatu da aikin da ya fi ƙarfin yaro laifi ne ko a hannun wa. Amma gaskiyarki, idan babu mai leƙawa, wa zai kai ƙara?

Antin Walwala: Ni ce mai leƙawar da doka ke magana, don haka bari in faɗa muku yadda abin yake. Shekarata 16 a aikin jin daɗin jama'a. A ƙaramar hukumar da nake, mu uku ne, ɗaya ya kusa ritaya. Ba mu da mota. In an kira ni a kan yaro, da kuɗina nake hawa adaidaita, in ƙauye ne in hau acaɓa. Na taɓa karɓo yarinya da daddare babu inda zan kai ta, a ɗakina ta kwana uku. Majalisa ta yi doka an tafa, an ɗauki hoto, amma in ba a sa mata kuɗi a kasafi ba, riƙon sakainar kashi za a ci gaba da yi wa yaran. Ku da kuke da 'yan majalisa a unguwanninku, tambayar da za ku yi musu ke nan: nawa aka ware, kuma nawa aka saki?

Maman Khairat, ke kuma ga abin da zan ce miki. Kada ki sa hotonta a Facebook ko WhatsApp, ko da an ce don a taimaka. Hoton zai bi ta har gidan miji. Ki kai ta asibitin gwamnati likita ya duba ta gaba ɗaya, ya rubuta abin da ya gani, har tabon nan. Ki nemi likita mace in da hali. Kada ku taru a kanta da tambaya, kowa ya zo ya ce ba ni labari. Za ta faɗa da kanta, galibi lokacin da hannunta ke wani aiki, kina tsefe mata kai ko kuna gyaran wake. In ta faɗa ki rubuta yadda ta faɗa, da kwanan wata. Maganar kicin kuma kada ki yi mata faɗa, ki bar ƙofar ɗakin a buɗe, wata rana za ki tashi ki gan ta a kan katifar.

Sannan ki je ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukumarku ki yi mata takardar haihuwa da sunan ubanta.

Bakano a Amurka: Anti, Allah ya biya ki. Kada ku ɗauka nan an gama da matsalar. A nan gwamnati ce ke karɓar yaro ta ba wani gida riƙo, da albashi da jami'i da komai, amma duk da haka suka gano masu fataucin 'yan mata sun fi farautar yaran riƙo, don sun san yarinyar da aka yi ta yawo da ita gida-gida ba ta da mai nemanta da gaggawa. Shi ya sa a Satumban 2014 Obama ya sa hannu a wata doka. Abin da ya fi burge ni a ciki ƙarami ne: idan ɗan riƙo ya ɓata, dole hukumar ta sanar da 'yan sanda cikin awa 24, a shigar da sunansa rumbun bayanan ƙasa. In an same shi kuma a bincika me ya sa ya gudu, me ya same shi a waje. Awa 24. Tamu ta yi wata 14 ko cigiya ba a yi ba, don babu wanda ya san ta ɓata.

Ɗan Mai Unguwa: Tun ɗazu nake karatu ina tunanin littafin Baba. Mahaifina shekara 30 yana mai unguwa. Yana da wani babban littafi mai baƙin bango a cikin akwatin ƙarfe. Duk filin da aka sayar a unguwar yana ciki, mai sayarwa, mai saye, iyaka gabas da yamma, shaidu, sa hannu. Ko a kara ka sayi sa, sai an ba ka takarda, in ba haka ba a hanya a ce na sata ne. Yanzu na je na tambaye shi, Baba, an taɓa zuwa a rubuta an ba da yaro riƙo? Ya yi shiru, ya ce ko sau ɗaya.

Ni ina ganin nan ne maganar Baban Sadik da ta Barista za su haɗu. Ba sai an je kotu ba, talaka na tsoron kotu. Yaro zai bar unguwa ko ƙauye, a je gaban mai unguwa ko dagaci da liman. Sunan yaro da na ubansa, wa ya bayar, wa ya karɓa, unguwar da za a kai shi, lambar waya biyu, makarantar da za a sa shi, da watan da za a kawo shi ganin gida. Can ma a sanar da mai unguwar da ya sauka. Mai niyyar alheri ba abin da zai rage masa. Dillaliya kuwa ba za ta yarda ta tsaya gaban dagaci ba.

Abu Fatima: In dai a hannun masu unguwa da limamai ne, ban ƙi ba. Sharaɗina kada a sa kuɗi. Ranar da aka ce kuɗin fom N2,000, ranar ya mutu.

Antin Walwala: Kuma a riƙa turo mana kwafi duk wata uku. In na san yara nawa ne a hannun riƙo a mazaɓa, ko da ƙafa zan zaga.

Hajiyar Tarauni: Na ji zafin maganar Ummu Hanif, har na fita daga zauren na dawo. Ban yarda ni azzaluma ba ce. Amma na kira yarinyar na tambaye ta ko tana son boko, ta sunkuyar da kai ta ce a ƙauye ta kai aji uku. Anti, mai shekara 13 za su karɓe ta a firamare, ko ta yi girma?

Antin Walwala: Za su karɓa, Hajiya. Ki je da kanki wajen hedimasta, za su gwada ta su ga ajin da ya dace. In tana jin kunyar zama da ƙanana, akwai ajin manya na hukumar ilimin manya. Amma a rage mata aikin safe, in ba haka ba barci za ta riƙa yi a aji. Kuma uwarta ta san inda take karatu.

Maman Khairat: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta komai, wasu sau biyu.

Bayan Magariba na kira Kaka, na sa aka kai mata waya. Ban ɓoye mata komai ba. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ce ita ta ɗauka marainiyar Allah ta samu gata. Kawunmu kuma ya kira ya ce in na kai ƙara na raba gari biyu, uban matar abokinsa ne tun suna yara. Na ce masa zan yi tunani, kuma har ga Allah na fara sanyi.

Sai ɗazu, ina tsefe mata kai kamar yadda Anti ta ce, ban tambaye ta komai ba, ta ce, "Mama, su Ladidi ma za a ɗauko su?" Na ce su wa? Ashe a ɗakin dillaliyar su huɗu ta tarar, duk daga ƙauyukan wajenmu. Ta ce ɗaya ba ta kai ta tsawo ba, kullum da dare sai ta yi fitsarin kwance a doke ta. Rana ɗaya aka sa su a mota, aka riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na kira Kawu na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce shi ba zai hana ni ba. Direban ya ce ya san ƙofar gidan ƙarshe, kuma zai tsaya shaida. Barista, Litinin in Allah ya kai mu zan je. Me zan riƙe?

Barista: Ki kira 627, layin NAPTIP ne, ko ki je ofishinsu na shiyyar Kano kai tsaye. Ki riƙe takardar likita, lambar matar da ta dillaliya in kin samu, lambar direban, da abin da kika rubuta daga bakin yarinyar, har sunayen sauran ukun da ƙauyukansu in ta tuna. Kada kowa ya kira matar kafin nan, kar a kwashe yaran a canza musu gida. Ki turo mini saƙo ta gefe, ƙarfe tara zan same ki a bakin ƙofa.